A ɓoye talabijin da sifiku a falo ko a bar su kowa ya gani?

Uwargida: Assalamu alaikum 'yan gida, don Allah shawara nake nema kafin mu yi abin da za mu dawo muna cizon yatsa. Ginin mu ya kai wajen filasta, to mai tsara mana cikin gidan ta kawo zanen falo, a takarda kam masha Allah ya yi kyau, amma na duba na sake dubawa ban ga talabijin ba ban ga sifika ko guda ba, na ce baiwar Allah ina kayan kallo? Ta ce wai duk suna nan a ɓoye, talabijin yana bayan wani katako da zai riƙa zugewa da kansa in an danna rimot, sifiku a cikin bango za a shafe su da filasta a bi da fenti, dikoda da amfilifaya da abin wasan yara kuma a wani kabad rufaffe a ƙasa. Ni dai abin ya burge ni, maigida kuma ya ce shi bai gane ba, a sayi abu mai tsada sannan a binne shi. Waɗanda suka taɓa yi ku faɗa mana gsky.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ni ina bayan maigida. Abin da ka sa kuɗinka ka saya meye na ɓoyewa kamar kayan sata

Auta: Hhhh Kawu an zo wurin

Mai Zane: Kawu ba wai kunyar kayan ake ji ba. Ka tsaya a ƙofar falo ka lura da inda idonka yake fara sauka, in dai akwai talabijin mai inci 75 a kashe to a kansa zai sauka, wani ƙaton baƙin allo mai faɗin fiye da mita ɗaya da rabi, duk wahalar da aka sha wajen zaɓen fenti da labule da fitilu ya haɗiye ta. Ga kujeru duk sun juya suna fuskantarsa, baƙi su zo hira amma kowa bango yake kallo. Shi ya sa a manyan gidaje ake so falo ya zama falo, in lokacin kallo ya yi allon ya fito, in an gama ya koma.

Kawu: To ai wannan ba sabon abu ba ne 'yata. Talabijin ɗin da muka taso muka gani a cikin akwatin katako yake mai ƙafafu huɗu da ƙofa da ake zugewa, in an gama kallo a rufe. Sai aka ce mana wannan tsohon yayi ne aka fito da shi fili aka manna a bango, yanzu kuma ku dawo ku ce a mayar da shi akwati, sai dai naku akwatin da inji a ciki

Mai Zane: Wlh Kawu ban musa ba, haka ne, komawa muka yi hhh

Injiniya: Hajiya ni ba zan shiga rigimar kyau ko rashin kyau ba, wannan ke da maigida ne. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai cikin bayanin ki, kalmar nan "rufaffe". Duk wutar da na'ura ta ja kusan gaba ɗayanta zafi take komawa. Ɗauki PlayStation 5 kaɗai, in ana cikin wasa tana jan wajen wat 200, su kansu Sony sun ce a ba ta tazarar aƙalla santimita 10 daga bango kuma kar a cusa ta a matsattsen wuri. Ki ƙara amfilifaya, ki ƙara dikoda da ba a cika kashe ta ba, ki rufe su a kabad ɗaya babu inda iska za ta shiga balle ta fita, kin haɗa tanda kenan. Da farko za ki ji fankar cikin su tana ihu, daga nan amfilifaya ta fara kashe kanta ana tsakiyar fim, a hankali kayan cikin su gasu su mutu tun lokacin su bai yi ba. Gyaran ba wuya, a bar ƙofar iska a ƙasan kabad ɗin da wata a sama tunda zafi sama yake yi, in kayan da yawa a sa ƙaramar fanka marar ƙara a ta saman ta riƙa zuƙo zafin waje, akwai masu tashi da kansu in wurin ya ɗau zafi. Ramin ƙasan ana iya ɓoye shi a wajen da ƙafa take shiga, ba mai ganin sa sai wanda ya kwanta a ƙasa.

Uwargida: Ikon Allah, ni ko a raina ban kawo maganar zafi ba. To Injiniya rimot fa, zai yi aiki kabad na rufe?

Injiniya: In irin rimot ɗin da sai ka saita shi da na'ura ne ba zai yi ba, haske yake harbawa wanda ido ba ya gani kuma katako yana tare shi. Sai dai a sa wani ɗan ido ƙarami a waje ya karɓi saƙon ya miƙa shi ciki ta waya. Masu aiki da Bluetooth su ba ruwan su da ƙofa. A gidajen da kayan suka yi yawa kuma ana haɗa komai a tsari ɗaya irin na Control4 ko Crestron ko Savant, ka danna maɓalli ɗaya labule ya sauka fitila ta rage allo ya fito, amma ki sani wanda ya saita miki shi za ki riƙa nema duk sanda kika canza ko dikoda ce

Hajiya Babba: Bari in ba ki nawa labarin ƙanwata ki ɗau darasi. Mu a ɗakin kwana muka yi irin wanda talabijin yake fitowa daga cikin akwati a ƙarshen gado. Watannin farko kam duk wadda ta shigo sai na danna mata ta gani, abin gwanin sha'awa. Ranar nan jikana ya ɗora kofin shayi a kan murfin ban lura ba na danna, murfi ya ɗaga kofi ya tuntsire shayin ya gangara cikin ramin har kan injin. Tun daga ranar sai ya taso rabi ya tsaya yana ƙugi, ba ya hawa ba ya sauka, rabin fuskar mai karanta labarai muke gani. Da mai gyara ya zo ya zagaya akwatin ya zagaya ya ce Hajiya ta ina ake buɗewa? Ashe wanda ya haɗa bai bar ƙofa ko ɗaya ba, duk ya bi da gam da ƙusa ya lulluɓe da fata mai kyau. Sai da aka farke bayan akwatin da wuƙa ina tsaye ina kallo kamar in yi kuka

Auta: Rabin fuskar mai labarai 😂 Hajiya yi haƙuri na kasa riƙe dariya

Hajiya Babba: Yi dariyar ka ɗan nan, ni ma yanzu dariya nake yi, lokacin kam ba dama

Kafinta: Hajiya wannan laifin mu ne masu haɗawa ba laifin injin ba. Ni duk akwatin da zan yi wa na'ura sai na bar fuska ɗaya da ake cirewa, da maganaɗisu ko sukurun da ke ɓoye, in mai gida ya ce zai ɓata kwalliya in ce masa ranar gyara za ka gode min. Sannan Uwargida ga wani abin da ba a faɗa miki ba, ramin da za a yi wa talabijin a bango. Mai inci 65 faɗin sa wajen santimita 145 ne, mai 75 wajen 167, mai 85 ya kusa 190. In aka yanka rami cif-cif da na yau, ranar da maigida ya ga babba ya ƙyasa shikenan sai an rushe. Kuma ko girman ɗaya ne wani kamfanin ramukan wayoyin sa a gefe suke wani a baya, wani ya fi wani kauri. Ni shawara ta a yi ramin da girma a sa bayan sa baƙi ko launi mai duhu, sai a zagaye da firam na katako da za a iya cirewa a sake wani, firam ne zai bi girman talabijin ba bango ba. A bar ɗan sarari sama da ƙasa kuma don shi ma allon yana fitar da zafi

Mai Zane: Wannan gsky ne Malam, amma ku ma ku riƙa tausaya mana, ku kullum a bar rami a bar ƙofa a bar sarari, in muka biye muku falon zai koma shagon gyaran rediyo

Kafinta: Hajiya ai gwanintar kenan, ƙofar tana nan amma ba a ganin ta

Mai Kunne: Ni kowa ya gama maganar allo, sifikun da za a shafe da filasta ne suka hana ni sakat. Ba ƙarya ba ne akwai su, kamfanoni irin Sonance da Amina da Stealth Acoustics suna yin su, faifai ne shimfiɗaɗɗe da ake dasawa daidai da fuskar bango, shi faifan ne yake karkarwa ya ba da sauti, a bi shi da shafe siriri na kamar milimita 2 a yi fenti. To matsalar a nan take, milimita 2. Mai filasta da ya saba dambara wa bango kaya in ba a tsaya a kansa ba zai lafta mata ninki uku, sai ki ji sauti kamar mutum na magana da bargo a baki, siraran muryoyi duk sun mutu. Na biyu ba su da ƙarfin duka na ƙasa, dole a haɗa musu wufa. Don kiɗa a hankali a wajen cin abinci ko falon baƙi sun yi ɗari bisa ɗari, amma wanda yake son fim ya ji shi a ƙirji ni ba zan ba shi su a gaba ba, gara sifikun cikin bango masu raga, a yi wa ragar fenti kalar bangon, daga nesa kaɗan ba mai lura

Uwargida: To ita wufar ai ƙatuwa ce, ina za a kai ta

Mai Kunne: Ita ce ma ta fi sauƙin ɓoyewa Hajiya. Sauti mai kauri, wanda a ma'auni ya yi ƙasa da wajen haz 80, kunne ba ya iya nuna daga ina yake zuwa, shi ya sa ake yawan raba aikin a nan, abin da ke ƙasa a ba wufa na sama a ba sauran. Za ki iya sa ta a lungu ko bayan kujera ko cikin kabad mai fuskar yadi, illa dai kabad ɗin ya zama mai ƙwari in ba haka ba ƙofofi da kwanukan ciki za su riƙa kaɗawa suna raka ta. Waɗanda ba a wasa da wurin su su ne ukun gaba, hagu da dama da ta tsakiya mai ɗauke da maganar 'yan fim, su ana so su yi daidai da kunnen wanda ke zaune. Kuskuren da na fi gani shi ne a kwashe duka a kai silin don kar a gan su, sai mutum yana magana a allo muryar sa na saukowa daga sama. Silin wurin sifikun sama ne na tsarin sautin Dolby Atmos, ƙarar ruwan sama da jirgi da makamantan su, da kuma na baya in ba yadda za a yi

Injiniya: Ƙari a kan nasa, irin waɗannan sifikun an fi yin su don bangon allon jifsam mai rami a ciki. In bangon ki na bulo ne to ko a fafe shi ko a tayar da bangon ƙarya a gaban sa, ni na fi son na biyun, falon zai ragu da kamar santimita 10 zuwa 15 amma duk wayoyi da sifiku da ƙarfen rataye talabijin sun samu wurin zama. A sa wa kowace sifika akwatin ta a baya kuma, in ba haka ba wanda ke kwance a ɗakin da ke bayan bangon tare za ku kalli fim ɗin. Sannan don Allah kafin a rufe a ɗauki hoton bangon da tef ɗin awo a jiki. Na taɓa zuwa gidan da aka zo rataye hoto aka buga ƙusa a tsakiyar sifikar da ba a gani, mai gidan da kansa ya manta inda take

Auta: Wato hom tiyata sai an yi wa bango tiyata

Kawu: Kun ga abin da nake faɗa ko. Tawa sifikar tana tsaye a kusurwa shekara da shekaru ba wanda ya taɓa buga mata ƙusa

Mai Zane: Kawu kai dai ba za ka sauko ba hhh. To ga tsaka-tsaki, ba dole sai an sa inji ba. Samsung sun fito da The Frame a 2017, talabijin ne da in an kashe shi yake nuna zane kamar hoton bango, yana mannewa da bango sosai ga firam da ake canzawa, daga 2022 kuma suka sa masa fuska marar ƙyalli wadda ta sa ya ƙara kama da takarda. Waya ɗaya siririya ce take fita daga jikin sa zuwa wani akwati daban inda ake soke komai. Babu abin da ke motsi balle ya maƙale. Waɗanda kuɗi ya zauna musu kuma akwai Beovision Harmony na Bang & Olufsen da ya fito a 2019, sifikun ne da kansu suke rufe allon da fuskar katako da alminiyom, in an kunna su buɗe gefe da gefe kamar fukafukai allon ya taso. LG ma sun nuna mai naɗewa kamar tabarma a bajekolin CES na Las Vegas a 2019, inci 65, yana shigewa cikin akwatin sa, aka fara sayar da shi a Koriya ta Kudu a 2020. Wani kamfanin Ostiriya C SEED nasu ma daga ƙarƙashin daɓe yake fitowa ya warware ya kai inci 165

Mai Kunne: The Frame ya yi a falon baƙi amma a faɗa mata gsky, hoton sa a ɗaki mai duhu bai kai na irin allon da ake kira OLED ba, baƙin sa ba ya yin baƙi ƙirin. Kuma ba a kashe yake ba in yana nuna zanen, yana shan wuta kaɗan

Mai Zane: Eh amma shi OLED ai ba a son a bar masa hoto ɗaya tsaye na sa'o'i kullum, yana iya barin tabo. Kowanne da inda ya fi

Uwargida: Na madubi fa? Na ga wani a bidiyo, madubi ne in an kunna ya zama talabijin

Injiniya: Gilashin yana cinye wani kaso na hasken allon kafin ya iso idon ki, da rana kuma ke da tagogin ki za ki riƙa gani a cikin fim ɗin. A banɗaki ko wajen shiryawa don jin labarai ba laifi, a babban falo ban ba ki shawara ba. In babban hoto ake so ba tare da baƙin allo ba gara majigin nan da ake ajiyewa dab da bango, tazarar 'yan santimita ya ba ki inci 100 ko 120, shi ya zauna a durowa allon kuma ya sauko daga silin. Sai dai shi ma yana son a rage haske

Auta: Injiniya ka yi maganar wayoyi don Allah, ni abin da ya dame ni kenan, kar a binne waya a siminti shekara biyu a ce ba ta ɗaukar sabon gem

Injiniya: Yauwa Auta ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Wayar da ke kai hoto da sauti zuwa talabijin, HDMI 2.0 ta zo a 2013 tana ɗaukar gigabit 18 a daƙiƙa, 2.1 ta zo a 2017 da 48, a 2025 aka sanar da 2.2 mai 96. Bango kuma in an gina shi an gina kenan, sai ya ga wucewar irin waɗannan da yawa. Saboda haka ba waya ake binnewa ba, bututu ake binnewa, mai faɗi kamar milimita 40 ko 50 daga bayan talabijin zuwa inda kayan suke, kwanar sa ta zama mai laushi ba mai kaifi ba, a bar igiya a ciki ta jan sabuwar waya. Ƙaramin bututun wayarin na milimita 20 kan HDMI ba ya bi ta cikin sa, balle a kwana. Wayar wuta kuma bututun ta daban. In nisan ya wuce 'yan mitoci wayar tagulla ta fara gazawa a manyan hotuna, sai a koma mai zaren gilashi, ita kuma tana da kai da gindi, an rubuta a jiki wane ɓangare ne na na'ura wane ne na allo. Na ga inda aka ja ta a juye cikin silin aka rufe aka yi fenti, ranar gwaji allo ya ce bai san zancen ba. A ja wayar intanet Cat6 guda biyu ma a ajiye ko ba a buƙata yau, da ita ana iya tura hoto har mita 100 ta tsarin da ake kira HDBaseT, kuma talabijin da ke cikin rami a bayan katako ya fi samun intanet ta waya. Rauta kuma kar a kulle ta cikin kabad na ƙarfe ko bayan madubi a zo ana zagin kamfanin intanet

Hajiya Babba: Ni duk wannan lissafin ya fi ƙarfi na, abin da na sani kawai ki tambayi mai tsara gidan in wuta ta ɗauke ko injin ya ƙi, katakon nan ana iya tura shi da hannu? In ta ce a'a ki gudu

Kafinta: Ana ma iya yin sa na hannu tun farko Hajiya, a kan layin dogo mai kyau da yatsa ɗaya za ki tura shi. In kuma inji ake so a tabbatar yana tsayawa da kansa in ya ci karo da abu, saboda yatsun yara

Kawu: Ni tambaya ɗaya zan yi in yi shiru. A gidan nan sau nawa ake kunna talabijin a rana?

Uwargida: Kawu ai in yara na gida ba a kashe shi 🙈

Kawu: To katakon yaushe zai rufu

Mai Zane: Kawu ka kama ni a nan kam. In falon da ake zama kullum ne katakon a buɗe zai wuni, kin sayi inji ne kawai yana hutawa. Ɓoyewa ta fi amfani a falon baƙi da ɗakin kwana inda kallo jefi-jefi ne

Uwargida: Na karanta wa maigida duka daga sama har ƙasa, wajen kofin shayin Hajiya sai da ya ajiye wayar don dariya. Mun tsaya a kan falon baƙi a sa mai kama da hoton nan ba inji, falon yara kuma talabijin a fili amma wayoyi duk ta bututu, kabad da ƙofar iska da bayan da ake cirewa. Sifiku ne har yanzu ba mu daidaita ba, ni ina son na cikin bango shi kuma wai sai dogayen nan biyu masu tsayawa a ƙasa, ya ce yana so in baƙo ya shigo ya san akwai sauti a gidan. Gobe mai tsara gidan za ta zo, Injiniya bututun nan milimita nawa ka ce in rubuta

Injiniya: 50 in bangon zai ɗauka, guda biyu. Kuma kar mai filasta ya taɓa bangon sai kin ɗau hoto

Kawu: A gaida min maigida, a ce masa dogayen nan biyu kar ya sake ya janye